Dubu Arba'in da Naman Kawu

Ni mutum ne mai bin tsari. Don haka ranar da Kawu Sale, mahauci a Safana, ya ce zai yi hayar janareta saboda naman da ya yi masa kwantai, sai na zaunar da shi.

Na farko, na nuna masa akwatin cajin da na sayo a Batsari, an rubuta dubu arba'in a jikinsa. Na biyu, na nuna masa rubutun jikin firizarsa, wai ɗaya take ci a yini. Na uku, na ce, "Kawu, tsakanin dubu arba'in da ɗaya, wa zai gaji?"

"Kai ka yi boko, ɗana," in ji shi.

Muka jona, firiza ta ɗauka, na tafi ina gyara hula.

Washegari ƙudaje ne suka tarbe ni a wurin Kawu. Ashe akwatin ya mutu tun kafin la'asar. Wani mai sayar da kayan sola da na je na tambaya ya ce ɗan harafin da ke bin dubu arba'in ɗina yana nufin a raba sau dubu, na firiza kuwa a ninka sau dubu, kuma ba da mudu ɗaya aka auna su ba. To fisabilillahi, wane marar tsoron Allah ne zai rubuta ƙatuwar lamba, ya ɓoye gaskiya cikin harafi kamar ƙwayar gero?

Kawu bai zage ni ba. Cinya guda da ta ruɓe ya sa aka binne ina tsaye.

Har yau in na ratsa rumfar mahauta, sai wani ya ɗaga tsoka yana nuna ni: "Injiniya ya duba mana ita! Ku hura wuta mu soye kafin ya gama lissafi!"