Gwamnan Kwari da Zaren Haske

Duk ƙauyen da Allah ya so da alheri, sai ya ba shi mutum irin Kuramochi Tetsuzo. Mu mutanen Okunose, gida goma sha tara ne a tsakanin duwatsu, amma muna da shugaban da ya isa ya riƙe jiha. Shekara talatin da huɗu ya yi a ofishin gunduma yana buga hatimi, kuma har ya yi ritaya ba a taɓa samun hatiminsa a karkace ba. Da ya dawo gida muka zaɓe shi shugaban ƙungiyar ƙauye, saboda cancantarsa, da kuma saboda ranar zaɓen shi kaɗai ya ɗaga hannu. Muna kiransa Gwamnan Kwari a bayan idonsa. Da labarin ya kai kunnensa, sai ya ce ai mutanen ƙauye ba su iya ɓoye ƙauna ba.

Maganar jawo mana wayar faiba, wannan zaren gilashi mai ɗauke da intanet ta hanyar haske, tsohuwa Hatsue ce ta faro ta. Mijinta huhunsa ya gaji, likita kuma ya ce in da layi mai ƙarfi zai riƙa duba shi ta allo duk mako, ba sai an sauko da shi daga dutse cikin dusar ƙanƙara ba. Shekara biyu tana bin gidaje da takardar koke a kwandon lemon yuzu, tana tara sa hannu. Ranar da amsa ta zo, Gwamna ne ya karanta mana ita a lasifikar ƙauye, sau uku.

"Jama'a," in ji shi, "na buga waya ɗaya tak. Akwai mutanen da in sun yi tari a nan, sai a miƙe tsaye a birni."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hatsue dai ta ci gaba da tsinkar lemonta.

Ƙarshen Nuwamba motar kamfani ta hauro. Shugabar ma'aikatan wata mata ce, Nagase, ba ta da yawan magana. Ta ce kwana uku gare su. In ƙanƙara ta rufe hanya kafin su gama, sai bazara. Gwamna ya tarbe su da farar hular kwano da ya saya musamman, da taswirar da ya zana da hannunsa. A taswirar, layin ya tsallake gida shida, har da na Hatsue, ya fara sauka gidansa. Nagase ta duba ta ce ba komai, falwayar farko ma a bayan gidansa take, za a shigar da wayar ta rumfar da matarsa ke jera gangunan kabeji mai tsami.

Nan fa aka taɓo inda ke masa ƙaiƙayi.

"Ta rumfar kabeji? Malama Nagase, kin san da wa kike magana? Gidan nan mataimakin gwamna ya taɓa tsayawa a ƙofarsa, ya tambayi hanya. In haske zai shigo gidan Kuramochi, ta babbar ƙofa zai shigo, kamar kowane baƙo mai mutunci!"

Ta bayyana masa cewa hakan na bukatar sabuwar falwaya, falwaya kuma na bukatar izini, izini kuma wata biyu. Da jin kalmar izini fuskarsa ta yi haske kamar ta wanda ya haɗu da ɗan'uwa a baƙon gari. Ya ce shi ne uban izini. Ya shige ɗaki ya fara tsara takarda. Wuni guda ya tafi a haka, ma'aikata na zaune a mota suna cin dunƙulen shinkafa, gajimare na taruwa a kan dutse.

Washegari da safe Hatsue ta zo ta tsaya a ƙofarsa, ta rusuna. Ya ce mata kada ta damu da godiya.

Matarsa Fumie ce ta ja Nagase gefe, suka yi ƙus-ƙus a bakin rumfa. Can Nagase ta fito, ta cire hula, ta sassauta murya.

"Shugaba, akwai abin da ba a faɗa wa kowa. Gidajen ministoci, duk ta baya muke shigar musu. Saboda tsaro. Layin babban mutum ba a barinsa a idon jama'a."

Gwamna ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Dama gwada ki nake yi," ya ce. "Kin ci jarrabawa."

Kafin la'asar ya shiga lasifika ya sanar cewa, bisa dalilan tsaro da ba zai iya bayyanawa ba, ya umarci kamfani ya bi ta baya. Ranar ya wuni tsaye a bakin rumfa yana korar kyanwa daga sirrin ƙasa. Ya kuma koya wa ma'aikata aikinsu kyauta. Ya gargaɗe su kada su bar bakin wayar a buɗe, hasken zai tsiyaye. Suka ce sun gode.

A rana ta uku aka kai layi gidan Hatsue, ƙanƙarar farko na sauka a kafaɗun masu hawa falwaya. Likita ya fito a allo, ya ce wa tsohon ya yi numfashi, ya yi. Ba a gayyaci kowa ba.

Bikin gaskiya sai ranar Lahadi, a ɗakin taron ƙauye. An kafa babban allo, an haɗa mu da ofishin magajin gari, inda jami'ai huɗu suka jeru da baƙaƙen kwat. Gwamna ya miƙe da jawabi shafi goma sha ɗaya. Ya faro daga kakansa, wanda ya fara kawo keke kwarin nan. Ya bi ta kan rediyo. Ya yi bayanin gudun haske, ya kwatanta shi da saurin da yake sallamar takardu a zamaninsa. A allo jami'an na ta gyaɗa kai, ɗaya ma har da rubutu. Ganin haka ya ƙara shafi biyu daga ka.

A minti na biyar Nagase, wadda ta dawo don bikin, ta lura da wata 'yar jar alama a ƙasan allon. Ta miƙa hannu, Fumie ta riƙe mata hannun riga. Haka aka yi minti arba'in.

Da ya kammala ya rusuna, Nagase ta danna maɓallin da ke jikin jar alamar. Babban jami'in ya matso kusa.

"Malam Kuramochi, hoto ya fito tas, muna taya ku murna. Sai dai tun farko murya a rufe take, ba mu ji ko kalma ɗaya ba. Mun ga ka yi nisa ne, muka ji nauyin katse ka."

Gwamna ya gyara wuyan kwat, ya tattara shafukansa, ya ce ba laifi, zai maimaita daga farko.

Fumie ta karkato wajen Nagase. Ta yi niyyar raɗa ne, amma kunnenta ya yi nauyi, kuma yanzu murya a buɗe take har birni.

"'Yata, su can sun huta. Wannan maɓallin, babu irinsa da ake sa wa mutum a gida?"