Yadda Ake Maganin Yoyon Injekta Ba Tare Da An Taɓa Injektar Ba

Idan motarka ta fara warin fetur har mai sayar da rake yana matsar da baronsa in ka tsaya, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. Matakan nan bakwai gwadaddu ne. Ba a kaina aka gwada su ba, Allah ya kiyaye, a kan maƙwabcina Musaddiq ne, mai shagon waya a nan Daura. Na kuma ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari, duk wanda ya bi su daki-daki yoyon injekta ba zai sake damunsa ba. Shi ma Musaddiq yanzu ba shi ne damuwarsa ba.

Ga yadda abin yake. Musaddiq ya sayi wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, lafiyarta lau, laifinta ɗaya, ba ta firgita kowa. Sai ya kai ta garejin Maliki aka dasa mata turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, da aka ciro daga motar da ta yi hatsari, aka cire ƙananan injektoci masu fesa wa injin mai, aka sa manya. Robobin da ke toshe bakinsu kuwa tsofaffin aka mayar, don Maliki ya ce roba ai roba ce. Tun daga ranar in Musaddiq ya saki totur sai motar ta yi wata irin atishawa, har baƙin da suka zo ganin Kusugu sukan juyo su ɗauki hotonta.

Matarsa Khairunnisa tana gidansu a Zango, wankan jego na haihuwar fari, 'yarsu Rauda. Ranar Asabar za su yi arba'in, shi kuma ya ƙosa su dawo, gidan ya yi masa faɗi. Surukarsa Inna Shatu ta aiko da saƙo: ba ta hana shi iyalinsa ba, amma jikarta ba za ta shiga motar da ke atishawa ba sai ta duba ta da idonta. Ranar Litinin warin ya fara.

1. Ka ƙaryata hancinka

Hanci ba bakanike ba ne, bai yi koyo a garejin kowa ba. In ka ji wari, sauke gilashi. In ya ƙaru, ƙara sautin rediyo. In wanda ka rage wa hanya ya ce, “Malam, kamar mai na zuba,” dube shi da tausayi ka ce masa haka motar gudu take wari. Musaddiq ya faɗa wa mutum huɗu haka a yini ɗaya, na huɗun ya sauka tun kafin a kai inda za shi, ya ce ya tuna yana da uzuri.

2. Ka nemo mai laifi a wajen bonet

Kada ka kuskura ka buɗe bonet da wuri, abin da ke ciki ba zai faranta maka ba. Fara da masu gidan mai, ka ce sun gauraya. Koma kan zafin rana. In duk ba su ɗauka ba, akwai bakin mutane, shi ba ya ƙarewa a kasuwa. Wa ya taɓa yin motar da ta fi ta kowa a unguwa ya zauna lafiya?

Musaddiq ya lura da safe sai ya murza makulli sau biyar kafin ta tashi, allurar mai kuma tana sauka ko motar na tsaye. Ya zauna ya yi nazari mai zurfi irin na masana, ya gano cewa wani ne ke zuƙe masa mai da tiyo. Ya sayo kwaɗo ya garƙame murfin tanki. Allura ta ci gaba da sauka, abin da ya tabbatar masa ɓarawon ƙwararre ne.

3. Ka je wurin wanda ya sani, don ka samu maganar da za ka ƙi ji

Wannan matakin yana da muhimmanci, saboda gobe in an tambaye ka sai ka ce ai ka nemi shawara. Ranar Alhamis Musaddiq ya tsaya shagon Nwafor mai kayan gyaran mota, ba don yoyo ba, don ya sayi fitilar da ke walƙiya a ƙarƙashin mota. Nwafor, wanda ya shekara ashirin da wani abu a Daura, tun daga cikin shago ya toshe hanci.

“Musaddiq, kashe ta! Kashe ta, don Allah, shagona cike yake da taya.”

Ya buɗe bonet da kansa, ya goge gindin injektocin da farin tsumma, ya ce a murza makulli kada a tayar. Famfon mai ya yi ɗan kuka, sai ga ta uku tana tsattsafo da fetur, ɗis, ɗis, taƙi ɗaya tsakaninta da turbo.

“Ka gani? Ka ƙara wa mai ƙarfi, ka bar tsohuwar roba. Turbon nan in ya yi zafi ja yake yi. Ga sababbi huɗu, a shafa musu ɗan baƙin mai a saka, aikin rabin awa ne. Canja duka, kada ka ce ɗaya.”

Musaddiq ya dubi robobin a tafin hannunsa, kowace ba ta kai zoben yatsa ba, ransa ya ɓaci. “Haba Oga Nwafor! Mota mai turbo guda, ka ce wannan 'yar abar ce ciwonta? Raini ke nan.”

“Ni dai jaririya na ji za ka ɗauko,” in ji Nwafor, ya cusa masa su a aljihun gaban motar. “Ko ba don kai ba.”

To ka ga inda ake gane ƙwararre. Babbar mota babban ciwo ya dace da ita. Yi godiya, bar robobin a aljihu, sayi fitilarka ka tafi.

4. Ka yi gyaran da ido ke gani

Surukarka cewa ta yi za ta duba da idonta, ba ta ce da sifana ba. Saboda haka samo sabulun wanki ka danna a inda ke tsattsafowa, naɗe da robar tib ɗin keke, ɗaure tam. Kai motar wanki a goge taya har su yi baƙi wul. Rataya turaren mota uku a madubi. Manna sitika a gilashin baya mai roƙon Allah ya tsare hanya, ka ga ka miƙa sauran aikin inda ya fi ƙarfin Maliki.

5. Ka isa gidan surukai da ƙarfinka

Mai hankali zai tafi a sannu ya ajiye motar nesa ta huce. Kai ba ka sa turbo don ka yi hankali ba. Ranar Asabar da hantsi Musaddiq ya sha shaddarsa, ya take ta daga Daura zuwa Zango kamar ana binsa, ya tsaya daidai ƙofar zauren Inna Shatu, ya sa ta yi atishawa biyu don a san ya iso. Sabulu tuni ya narke a hanya. Kafin ya gama gyara hula, ƙasar da ke ƙarƙashin injin ta jiƙe ta yi duhu.

Gida cike da mata 'yan rakiya, an fito da kwallaye da buhunan gara an jera. Ya hango Khairunnisa daga soro ta yi kyau ta murje, Rauda a kafaɗarta cikin farin tawul, zuciyarsa ta yi sanyi. Ya cire takalmi ya tsuguna a gefen zaure, kai a ƙasa, yadda surukin kirki ke yi.

6. Ka riƙe kunya, ko me ake ciki

Inna Shatu ta fito ta zagaya motar sau ɗaya. Ta yaba tayoyin. Sai ta ja hanci ta yamutsa fuska.

“Wannan wari ai sai ya shaƙe jaririya. Siddiƙa, miƙo mini kaskon nan.”

Ƙanwarta Siddiƙa ta fito da kaskon turaren wuta, garwashi jajir, hayaƙi na tashi mai daɗi. Inna Shatu ta karɓa, ta turara kujerar baya, ta turara ta gaba, sannan ta bi warin da hancinta har gaban mota, ta ce daga nan yake fitowa, nan ya kamata a turara sosai.

A nan ne tarbiyyarka za ta yi maka rana. Suruki ba ya ɗaga murya, ba ya haɗa ido, ba ya gyara wa surukarsa aiki. Musaddiq na tsugune, gumi na bin bayansa, tsoro ya kama shi na gaske. Ya ce a hankali, “Inna.” Tsofaffi uku suka amsa, “Na'am, ɗan nan.” Ya ɗan ƙara murya, “Hajiya.” Biyar suka juyo. Wadda yake nufi ba ta cikinsu, ta riga ta sunkuya tana neman inda za ta tura kaskon.

7. In kunya ta ƙare, ka zubar da ita gaba ɗaya

Musaddiq ya miƙe tsaye ya ƙwala da iya ƙarfinsa: “Shatu!”

Haka, gatsal, babu Inna babu Hajiya, a gaban 'yan'uwanta da maƙwabta. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana salati. Inna Shatu, wadda ko marigayi mijinta bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, ta ɗago baki buɗe, kasko ya suɓuce daga hannunta. Ba sai na faɗa maka inda garwashin ya zuba ba.

Wuta ta ce fuu. Siddiƙa ta fizgo yayarta baya, 'yan acaɓa suka taru da ƙasa a bokiti suka yi ta watsawa har ta mutu. Ba wanda ya ƙone, alhamdu lillahi, sai gefen mayafin Inna da duk abin da ke cikin bonet. Yoyo ya tsaya cak, kamar yadda na yi maka alkawari.

Da ƙura ta lafa Inna Shatu ta sa aka mayar da kwallaye ciki. Sai ta juya ga Siddiƙa, ba gare shi ba, ta ce: “Ki gaya wa wancan, wuta ƙaddara ce, na yafe. Yarinya kuwa tana nan sai ya tuna sunan da ake kiran manya.”

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba bakanike ba ne, ko keke ba shi da shi. Ba ruwansa da motar da ta ƙone, ko mayafi, ko surukar da ta daina amsa gaisuwa. Duk wanda ya bi matakan nan don kansa ya bi, kada a turo mini dattawa.

Mai son ƙarin bayani ya nemi Musaddiq a tashar Zango ranar Juma'a, yana jiran motar haya ta cika. Wata huɗu ke nan yana zuwa biko. Makon jiya an tausaya masa an miƙo masa Rauda a zaure, ta dube shi irin kallon da ake wa baƙo, ta fashe da kuka, aka karɓe ta aka mayar ciki. Robobin nan huɗu kuwa suna nan a aljihun gaban motar, wuta ba ta kai gare su ba, sababbi ful. In kana so zai ba ka kyauta.