Sarkin Gara

Zamanin Turawa ina magatakarda a wani ƙaramin ofis a Ƙaraye. Da damina ta gabato, maigidana ya nuna min tulin tsofaffin takardu da akwatin ƙarfe ɗaya tak.

Ya ce, "Malam, ba zai ɗauke su duka ba. Fara da masu muhimmanci."

Na gyara zaman hula na ce, "Ranka ya daɗe, ai da ido nake gane babbar takarda."

Turancina bai wuce gaisuwa ba, amma na yanke cewa duk wadda aka buga da tafireta, ga hatimi, ita ce babba. Na jera su a akwati, har ina share musu ƙura da bakin rigata. Na ajami masu maiƙo kuwa na jingine su jikin bango, wai sai na samu sukuni.

Bayan kaka wani dattijo daga Kwanyawa ya zo neman shaidar iyakar gonarsa, maƙwabci na neman cinye masa ita. Ina ɗaga ƙunshin ajami sai ƙasa ta zubo. Gara ta gama da su.

Dattijo ya ce, "To ɗana, me ka ɓoye a akwatin?"

Aka ba wani malamin gona daga Rogo ya karanta mana. Yawancinsu kofen sanarwa ɗaya ce: kada a jingina takarda jikin bango, saboda gara.

Dattijon ya tsira da gonarsa albarkacin shaidar dattawan unguwa. Ni ban tsira ba. Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya rusuna ya ce, "Sarkin Gara, baƙin naka sun ƙoshi, ko a ƙaro takarda?"