Randar Inna da Mazagin Kimiyya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka tashi daga tsohon ƙauyenmu ba, lokacin da ruwan madatsar Kainji ya fara lasar gonaki. Kowa na kukan gida, ni ina kukan wando.

Ana ta gaggawar tashi, Baba na neman igiyar ɗaure kaya, ramar da ya jiƙa a kududdufi kuwa ta ƙi ruɓewa balle a cire zaren. Sai na tuna malaminmu ya ce a tumbin saniya akwai ƙananan halittu masu fitar da sinadarin da ke narka ciyawa, har masana'antu na neman irinsa don tausasa zare. (Sauran bayanin ban ji ba, ƙafata ta riga ta kai ƙofa.)

Na ruga wurin mahauci na roƙo dattin tumbi, na ware ɗaurin rama guda na jiƙa a ciki. Wari ya tashi har ungulaye suka zo gaisuwa.

"Kai ɗan ga, mi ya mutu bayan ɗaki?" in ji Inna.

"Kimiyya ce, Inna."

"To a kai ta maƙabarta!"

Zare ya fito da laushi kamar auduga. Baba ya taɓa ya ce, "Wanga ko kaza ba ni ɗaurewa da shi." Don haushi na tuƙa siririyar igiya, na zare mazagin wandona na zura ta. Ai zai gani.

Ya kuwa gani. Ranar tashi Inna ta ɗora mini randar da ta gada wurin mahaifiyarta, ta ce, "In ka fasa ta, kada ka biyo mu sabon gari." Duk ƙauye na bakin ruwa, har 'yan matan ajinmu. Ina ɗaga ƙafa zan shiga jirgi sai na ji ɓas! Wando ya kama hanya. Hannu biyu gare ni, duka suna riƙe da randa.

Na zaɓi randa.

Mai jirgi ya daka tsawa, "Jama'a, an sake sauke tuta! Wani ya samu 'yanci!"

Ashe abin da malam ya ƙarasa faɗa shi ne halittun nan ba su san ƙoshi ba. In an bar su, har zaren suke cinyewa. Randa tana sabon gida lafiya lau, ni kuwa sunana ya koma Sauke-Tuta. Yanzu sai malam ya gama magana nake tashi, kuma ina tashi da hannu ɗaya a ƙugu.