Yadda Za Ka Ba Ƙanen Matarka Kwangilar Gyaran Motoci Kwamiti Yana Kallo

Idan kai ne jami'in da ke zaɓo wa kamfanin inshora garejin da zai riƙa gyara motocin da suka yi haɗari, kuma ƙanen matarka ya buɗe gareji watan jiya, kuma surukarka ta koma amsa gaisuwarka da "uhm", to darasin nan naka ne. Shekara goma sha ɗaya na yi a kusurwar ɗakin taro ina rubuta abin da kwamiti ya ce. Bi matakan nan, kwangila sai ta shiga gida.

1. Nemo uku

Doka ta ce a gwada gareji uku. Ba ta ce uku nagari ba. Na farko na Auta ne, wato ƙanen matarka. Na biyu, nemo mai tsadar da in manaja ya ga farashinsa sai ya cire tabarau ya goge. Na uku, wanda ba ya ɗaukar waya. Kada ka kuskura ka sa tsohon bakaniken nan na bayan ofis, mai gane ciwon mota daga ƙararta. Irinsu ke ɓata tsari.

2. Ɗinka ma'auni

Auna Auta tukuna, sannan ka yanka ma'aunin daidai jikinsa. Shekarun aiki, maki biyu. Kayan aiki, uku. Faɗin allon suna, talatin. Ɗokin koyo, arba'in. Idan Lauya, mai jan biron nan da ke zama kusa da taga, ta tambaye ka mene ne ɗokin koyo, ce mata haka manyan kamfanoni ke yi yanzu. Ba mai son a ce bai san abin da manyan kamfanoni ke yi ba.

3. Ziyarar gani da ido

Sifana biyu Auta ke da su, ɗayar ma ta maƙwabci ce. Aro jak, aro injin fenti, aro lafiyayyun motoci uku ka ɗaga musu murfin inji. Kai kwamiti bayan sun ci sun ƙoshi. Ƙoshi yana rage tambaya. Ja wa Auta kunne ya ce maka "ranka ya daɗe", ba "Yaya" ba. Zai manta. In ya ce Yaya, juya ka dubi manaja kamar shi aka kira.

4. Kushe shi kaɗan

A taro, ka ce kai dai hankalinka bai kwanta da mutumin nan ba. Manaja ba ya ƙaunar ra'ayin da ba nasa ba, nan take zai ce sabon jini ake bukata. Yi ajiyar zuciya, ka ce to, tunda maki ya nuna. Ni kuma zan rubuta an amince baki ɗaya.

5. Karɓi ladanka

Surukarka za ta fara ce maka "ɗana". Naman kwanonka zai tashi daga yanka ɗaya zuwa uku.

6. Kada ka yi haɗari

Wannan matakin ne jami'in da na koyi darasin a wurinsa ya tsallake. Motarsa ma a kamfanin take da inshora. Wata safiya motar kaya ta goge masa bamba a ƙofar ofis. Ya cike fom, sai ga tsarin da ya rubuta da hannunsa yana cewa gareji ɗaya tak aka amince da shi, na Auta ƙanen matarsa.

Bamba kaɗai ta kai motar can. Yau wata huɗu. An sauke inji, wai Auta yana so ya ga ko firgicin ya taɓa ciki. Kujerar baya tana falon suruka, ta ce ta fi tata laushi.

Ya rubuta ƙorafi, takardar ta zagaya ofis uku ta dawo teburinsa, don shi ke kula da masu gareji. Ya je wurin manaja, manaja ya tuna masa ɗokin koyo maki arba'in ne. Ƙarshe ya je gaida suruka, ya ɗauko zancen daga nesa.

Ta ce, "Ɗana, da motar wa kake so ya koya? Ta bare?"

Ya ce a'a, Mama. A kan kujerar motarsa yake zaune a lokacin.

Sanarwa

Na ce kwangila za ta shiga gida, ban ce mota za ta fito ba. Duk abin da ya biyo baya tsakaninka da Auta ne, ni rubutu kawai nake yi a kusurwa. Sai dai in ka ga wani mai jakar ofis yana takawa a ƙasa da safe, kada ka tambaye shi motarsa. Rage masa hanya.