Tankin Da Ba Shi Da Ciki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare aikin kammala karatuna ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, dangina na Zongo ba za su bari ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, ga shi ba ni da wanda zan huce a kansa sai ni kaina.

Zanen injuna a kwamfuta na karanta, a wata makaranta can wajen unguwar Sainte-Rita, ni kaɗai ce mace a ajinmu. A ƙarshen karatu kowa zai zana wani abu, ya tsaya gaban malamai uku ya kare shi, abin da muke kira sutinans. Ni tankin mai na zaɓa, irin wanda ake ɗora wa babbar mota, don Babana direban tanka ne tun kafin a haife ni. Shi ya tsaya kai da fata na yi wannan karatun, lokacin da 'yan uwansa ke cewa a kama mini rumfar atamfa a kasuwar Missèbo kowa ya huta.

Zanen tanki ba wuya gare shi ba. Ka fara gina shi dunƙule, curin ƙarfe guda, sannan ka ba manhajar umarni ta rarake cikinsa, ta bar ɓawo mai kaurin da ka faɗa mata. Daga waje ba mai iya bambance dunƙulalle da rarakakke, sai an tsaga. Na yi duk wannan daidai, na sa masa murfi da famfo da tsani, ya yi kyau har ina buɗe shi haka kawai in kalla.

Da safen ranar gidanmu ya cika. Gwaggo Habi, yayar Babana, ta fitar da anko (eh, anko, sai ka ce aurena ake yi), ta kuma kafe sai na sa, alhali makaranta farar riga da baƙin siket ta ce. Muna cikin wannan rigimar Baba ya leƙo kan kwamfutar.

"Uwata, wannan tankin naki bai yi gajarta ba? Nawa ya fi shi tsawo."

Ban iya yi masa musu ba, sai na ƙara tsawon. Nan take wani ɗan akwatin gargaɗi ya fito a allon. Daidai lokacin Gwaggo tana tsaye a kaina tana cewa, "Wato mu da muka biya tela mahaukata ne? Boko ya sa kin fi ƙarfin zanin danginki?" Raina a dagule, na danna na kore akwatin ban karanta ko harafi ɗaya ba, na rufe kwamfutar da ƙarfi.

Muka isa makaranta a jerin zemijan, wato 'yan acaɓa, kowane babur da mace cikin anko rungume da kular abinci. Dangin sauran ɗalibai biyu-biyu suka zo, uku-uku. Nawa dangin kuwa suka cika rabin zauren.

Shugaban malaman wani tsohon injiniya ne mai sanƙo, yana kallon mutum ta saman tabarau. Tun kafin ranar 'yan ajinmu suka cika mini kunne cewa ba ya ƙaunar ganin mace a wannan fannin. Ban taɓa jin haka daga bakinsa ba, amma na shigo da bindigata a ɗane.

Bayani ya tafi lafiya. Na haska tankin a bango, na juya shi gaba da baya, mata suna ta "Masha Allah". Da na gama, tsohon ya gyara tabarau ya ce, "Madamuwazel, nawa ne nauyin tankin nan in ba komai a cikinsa?"

Manhajar ita ke lissafa nauyi da kanta. Na danna, na karanto abin da ta ba ni da babbar murya, ban ko tsaya na ji abin da bakina ke faɗi ba. Tan ɗari biyu da ɗoriya.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wace gada ce a ƙasar nan za ta ɗauke shi?"

Samarin ajinmu suka fashe da dariya daga baya. Wannan dariyar ce ta kunna ni. Na ji duk abin da na haɗiye tun shekarar farko ya taso: masu ce mini Hajiya makanike, masu tambaya ko hijabina ba zai shiga injin ba, rumfar Missèbo, ankon safe. Na ajiye takardun hannuna na fuskance shi.

Faransancin da ban san ina da shi ba ya riƙa zuba. Na ce masa da namiji ne tsaye a nan da bai yi masa ba'a gaban iyayensa ba. Na ce na san me ake gani in an kalle ni, 'yar Zongo mai lulluɓi, wadda ta fi dacewa da awon gyaɗa a kasuwar Tokpa. Na ce lissafin nan ba ni na ƙirƙira ba, na'ura ce, ita kuwa na'ura ba ta san mace ko namiji ba, ba ta kuma ƙarya. Har yatsa na nuna masa (dattijo, sa'an Babana). Gwaggo Habi ba ta jin Faransanci sosai, amma ta san amon nasara in ta ji shi, sai ta miƙe ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa.

Tsohon bai katse ni ba. Ya jira guɗar ta lafa, ya ce a hankali, "Na ji. Tsaga mana tankin biyu mu ga cikinsa."

"Da farin ciki," na ce, har da murguɗa baki.

Na danna. Tankin ya rabe a bango, ƙato, kowa na gani. Ba ciki. Ƙarfe ne toshe tun daga wannan bangon har wancan, ko allura ba ta da wurin shiga, balle mai. Murfina da famfona da tsanina suna nan cas, a jikin dutse. A gefen allon kuwa ga umarnin rarakewa da jan tambari a kansa. Abin da akwatin safe ke ƙoƙarin gaya mini ke nan: ƙarin tsawon ya rikita shi, an soke shi.

"Kina da gaskiya," in ji tsohon. "Ba ta ƙarya."

Na waiga neman Baba. Ya sauke hularsa har kan hanci, ya ƙura wa takalminsa ido. Gwaggo kuwa har yanzu murmushi take, tana tambayar ta kusa da ita, "An ba ta na ɗayan ne?"

Ban san yadda na gyara ba. Na dai maido da umarnin, cikin tankin ya buɗe, nauyi ya dawo na hankali. Suka ba ni sakamakon da ake ba wanda ya tsallake da ƙyar. Da na je ba tsohon haƙuri a bakin ƙofa, sai ya ce, "Da aikinki ya yi ƙarfin bakinki, da yau na ɗauke ki a kamfaninmu." Ashe mutum ɗaya yake zaɓa duk shekara. Wani yaro mai zanen kujera ya ɗauka. Kujera.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bidiyon. Gwaggo ta ɗauki jawabina a waya, wayar ta cika kafin a tsaga tankin, ta kuma tura wa duk wanda ta sani. Yanzu rabin Zongo sun san ni a matsayin yarinyar da ta wanke babban injiniya tas. Mata na tare ni a hanya suna cewa 'ya'yansu su yi koyi da ni, ni kuma sai in ce na gode, ina jin kamar ƙasa ta tsage. Ɗaya rabin, masu 'ya'ya a makarantarmu, sun san sauran labarin, su gaisuwa kawai suke yi mini da fara'ar da ta wuce kima.

Baba bai taɓa tayar da zancen ba, sai rannan da na hau ƙanwata da faɗa kan ta ɓatar mini da caja. Ya saurara har na kai aya, ya ce, "Uwata, kin duba jakarki?" Tana ciki.

Abin da na koya bai da yawa. Duk ranar da nake fushi na ji magana na fito mini da daɗi, kowace kalma na zama daram a mazauninta, to ranar ce ya kamata in rufe bakina in koma in karanta abin da na kore ban karanta ba.