Ranar da Na Kashe wa Surukina Ido

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, kodayake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina.

A farkon shekarun saba'in ne, ina sabon zuwa Jidda da digirina na Turanci, ina aikin tafinta a wani kamfanin jiragen ruwa a unguwar Bagdadiyya. Maigidana Bature ne, kuma duk lokacin da ya yi barkwanci sai ya kashe mini ido ɗaya. Mai hankali dariya zai yi ya wuce. Ni kuwa sai na shiga damuwa, don ban sani ba ko yabo ne ko gargaɗi. Na tambaye shi, ya ce sunan abin "wink". Na koma gida na buɗe ƙamus. A iya fahimtata dai, a tsohon Turanci kalmar rufe ido kawai take nufi, duka biyun, daga baya ta koma rufe ɗaya don nuna wasa ko cewa ni da kai mun fahimci juna. Har ɗan gyangyaɗi ma da ita suke kiransa. Sai na yanke hukuncin cewa alamar wayewa ce, na shiga koyo a gaban madubi. (Ban taɓa iyawa ba. In na rufe na dama sai na hagu ya biyo shi, baki ya karkace, kunci ya hau rawa.)

Lokacin ina neman auren Maryam, 'yar Ammi Saleh, wani dattijon Bahaushe haifaffen Jidda da ke zaune a unguwar Sa'alaba. Kawu Idi, wani tela daga Hausawan Sudan, shi ya tsaya mini a matsayin uba. A hanya ya ja mini kunne: "Ka gaishe shi, ka sha gahawa, ka yi shiru. Halas, shi ke nan. Kada ka kawo mana jami'a."

Mun zauna, an zuba gahawa, komai lafiya. Can sai Ammi ya dube ni ya ce, "Ya ustaz, an ce Turanci ka karanta. To da wane harshe za ka riƙa yi wa 'yata faɗa?"

Aka yi dariya. Na ce a raina, wannan ai barkwanci ne, ga damar nuna wayewa ta samu. Na ce, "Ai ita za ta riƙa yi mini, Ammi." Sannan na kashe masa ido. Ko in ce, na yi niyya.

Dariya ta ɗauke. Ammi ya ajiye finjali. "Idi, me ya sami fuskarsa?"

Kafin Kawu ya amsa, sai murya daga bayan labule: "A'uzubillahi, farfaɗiya ce!" Sitti ce, kakar Maryam. Ta faɗo da butar zamzam ta sheƙa mini a fuska. "Ku danne shi kada ya ciji harshe!" Yayun Maryam suka danne ni, ɗaya yana neman cusa mini cokali a baki.

A nan lissafi ya zo mini: wa zai ba mai farfaɗiya 'ya ranar farko? Na ture cokalin na ce, "Lafiyata ƙalau. Wato... da gangan na yi."

"Da gangan?" Ammi ya kama gemunsa. "Ni ka kashe wa ido? Da furfurata? Matar banza ka gani a bakin hanya?"

Kawu Idi yana ta mintsinina, amma ina! Mai digiri ya tashi kare kansa. Zamzam yana ɗiga daga haɓata na fara bayani: "Ammi, a wurin Turawa ba rashin kunya ba ne, akasari dai. A tsohon harshensu ma, kodayake wataƙila masana sun saɓa, ido biyun ake rufewa..."

"To ashe tsofaffinsu sun fi ka kunya," in ji shi. "Yalla, maza a kai shi waje."

Sitti ce ta ceci auren, ba don tana sona ba, sai don ba ta yarda ta yi kuskure ba. Ta dage cewa ciwo ne, yawan karatu ya taɓa mini jijiyar ido, kuma kwallinta na maganinsa. Ammi ya auna, ya ga gara suruki mai ciwon ido da suruki ɗan iska. Kawu ya zo ya tambaye ni wanne na zaɓa.

Na ce, "Gaskiya, in aka duba ta wani ɓangaren..."

"Ciwo ne ko ba ciwo ba?"

"Ciwo ne."

Haka na riƙa zuwa kowace Juma'a Sitti tana rambaɗa mini kwalli har aka ɗaura aure. Ranar farko da na shiga ofis da idanu baƙi wuluk, Baturen ya dube ni, ya kwashe da dariya, ya kashe mini ido. Na sunkuyar da kai na ci gaba da aikina.

Abin da na koya bai kai darajar digiri ba, amma ya fi shi amfani: ƙamus zai gaya maka asalin kalma tun daga kakanninta, ba zai gaya maka gaban wa ba a yin ta ba. Yanzu ko ƙura ce ta faɗa mini a ido a gidan surukai, biyun nake rufewa.